Gurbin Ranar Alhamis

Tun shayin yana tururi Condy Breslin ya ɗauki biro, har shayin ya huce bai cike gurbin ranar Alhamis ba.

Takardar ba wata abar wahala ba ce. 'Yar rawaya ce mai gurabe bakwai, kowace rana da nata. Ranar da mutum ya yi aikin kuɗi ya zana da'ira, ranar da ya zauna ya zana gicciye, Talata ya kai ta ofishin tallafin marasa aiki. Shekara shida ke nan Condy yana cike ta, tun da kamfanin kifi ya mayar da su 'yan jiran kira: jirgin kamun kifi ya shigo a buga maka waya, babu jirgi ka zauna gida kana kallon matarka tana kallonka. Dokar ma ya haddace ta kamar addu'ar coci. Da'ira uku a mako, gwamnati ta biya ka na sauran kwanakin. Da'ira huɗu, ko sisi. Kuma ba ruwan doka da tsawon aiki, ko awa ɗaya ka yi aka ba ka lada, ranar ta zama da'ira.

Litinin, Talata, Laraba, da'ira uku reras, an sha fiɗar kifi. Juma'a zuwa Lahadi gicciye. Saura Alhamis, ranar da suka haƙa kabarin Hughie McGinley.

"Jarrabawa kake rubutawa ne?" in ji matarsa Mena daga gaban murhu. "Ko tsufa ne ya sa ka manta yadda ake gicciye?"

"Biron ne ba ya rubutu."

"Ai kuwa ya rubuta shida."

Ya ninke takardar ya cusa aljihu. Ɗakin da ɗumi, har Mena ta tuɓe rigar sanyi guda cikin biyun da ta yi mako uku tana kwana da su. Ranar Juma'a motar mai ta zo ta zuba musu kananzir a tankin ɗumama gida, Mena kuma ta ɗauka kamfani ne ya biya da wuri. Bai ce mata e ba, bai ce a'a ba. Ɗumin nan kuwa shi ya fi komai ƙona shi.

A wannan gaɓar teku ta yankin Donegal ba a hayar mai haƙa kabari. Maƙwabta ke yi, mutum huɗu, da diga da shebur, iyalan mamaci su aiko da kwalbar wiski da burodi mai nama, magana ta ƙare. Kuɗi a wurin zagi ne. Wanda ya haƙa na ubanka, kai za ka haƙa nasa. Shi kuwa Hughie ba na uban Condy kaɗai ya haƙa ba, shi ya haƙa ɗan ƙaramin ramin da aka sa jaririn su Condy na fari, shekara talatin da ɗaya baya, cikin ƙanƙara, bai bari Condy ya taɓa shebur ba.

To, sai ga Fintan, ɗan marigayin, wanda ya yi shekara ashirin da shida a birnin Boston na Amurka, ya iso maƙabarta da takalmi mai sheƙi da ambulan huɗu na kuɗi a hannu. Rashin sani ya fi dare duhu. Manus Boyle, ɗaya daga cikin mahaƙan, ya mayar masa da tasa kamar an miƙa masa garwashi, sauran biyun ma haka. Condy yana ƙasan rami a lokacin, kwat ɗinsa na rataye a jikin shinge. Fintan ya juya, ya juya, ya rasa yadda zai yi da ta huɗun, sai ya zura ta a aljihun kwat ɗin.

Da a ce Condy bai gani ba, da da sauƙi. Ya gani sarai. Daga ƙasan ramin ya ɗaga kai ya ga hannun yana shiga aljihu, ya tuna tankin da ya bushe da tarin da Mena take kwana yi, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kwasar ƙasa. Yuro ɗari biyu ne a ciki.

Don haka gurbin Alhamis ya gagare shi. In ya zana da'ira, kuɗin mako ya tafi, kuma wannan ma ƙaramin abu ne: ƙasan takardar akwai layin da ake rubuta sunan wanda ya ba ka aikin. In ya zana gicciye, ya ci kuɗin kabarin abokinsa, ya kuma dawo ya ci na gwamnati a kan rana ɗaya.

Ya fara biyawa ta kamfani don a buga masa hatimin kwana ukunsa. A bakin tagar ofishin ya tarar da Manus, hula a karkace, baki ya kumbura gefe guda saboda ciwon haƙori, amma bai hana shi surutu ba.

"A'a, ga babban injiniyan rami," in ji Manus. "Bayan naka ya sake ka? Ni dai har yau in na sunkuya sai na kira sunan tsarkaka uku kafin na miƙe."

"Tsufa ne."

"Tsufan lafiya? Da wata biyu ka girme ni, kar ka manta." Ya matso ya rage murya, irin ragewar da kowa ke ji. "Kai, ɗan Amurkan nan ya ba ni dariya. Ambulan! Kamar ya kira masu gyaran famfo. Na ce masa, yaro, ubanka ya ɗauke ni a bayansa daga cikin teku, nawa zan biya shi? Da Hughie zai iya tashi, da ya kwaɗa masa mari."

Condy ya yi 'yar dariya, wadda ko shi bai yarda da ita ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Kai ya ya ka yi da shi?" Manus ya tambaya. "Na tafi ɗebo katako lokacin."

"Ina ƙasa."

"Ka huta. Da ka ga fuskarsa." Manus ya dafa kumatu ya yamutsa fuska. "Bari in je a cire min wannan la'ananne. Sai da yamma zan kai tawa takardar, in ban mutu ba. In na mutu ka haƙa da faɗi, ba na son matsi."

Aka buga wa Condy hatimi ya fito. Yayyafi ake yi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya isa inda za shi. Ya bi ta bayan ma'ajiyar ƙanƙara don kada ya sake haɗuwa da kowa.

Ofishin tallafin yana saman kantin magani, tagogi biyu da benci ɗaya. Ya yi ta addu'a layinsa ya faɗa kan baƙuwar yarinyar da aka kawo daga birni, wadda ba ta san kowa ba. Ina! Sai da ya faɗa kan Attracta, 'yar ƙanwar Rose matar marigayin, wadda a gabansa aka yi mata baftisma.

"Condy, ina kwana? Ya Mena da tarin?"

"Da sauƙi."

Ta buɗe takardar ta bi ta da bakin biro. "Ka bar Alhamis."

"E. Wato..." Ya murza hularsa a hannu. "Tambaya ce dai. A ce mutum ya yi wani ɗan aiki, ba na kamfani ba, ba kuma shi ya nema ba. Taimako dai. To, a ce daga baya..."

"Alhamis ai kuna maƙabarta," ta katse shi, idonta a kan takardar. "Ni na kawo muku burodin. Haƙa kabari ba aiki ba ne a garin nan, Condy, kowa ya sani ba a biyan kowa. Sa gicciye."

Ta turo masa takardar ta ƙasan gilashi, har da ɗora yatsa a kan gurbin kamar ana koya wa yaro rubutu. Ya zana. Layi biyu ne kawai. Ta buga hatimi ta jefa a kwando ta ce a gaida Mena.

A kan matakala ya tsaya ya dafa bango. An gudu ba a tsira ba. Ɗazu abu ɗaya ke cinsa, yanzu sun zama biyu, kuma na biyun da sa hannunsa a ƙasa. Shekara hamsin da tara a duniya bai taɓa ɗaukar ko ƙugiyar wani ba. Ya ji kunyar kansa ƙwarai, har ya kasa kallon inuwarsa a gilashin kantin maganin.

Sai dabara ta zo masa, kuma ya yi mamakin yadda ta kwana biyar ba ta zo ba. In ya mayar da kuɗin, ai ba a biya shi ba ke nan. Gicciyen ya zama gaskiya, kabarin ya koma na zumunci, Manus ba zai taɓa ji ba. Ladan kwana ukunsa ya shigo tun jiya. Ya tsallaka banki ya ciro, ya zaro tsohuwar ambulan ɗin daga aljihun ciki, har yanzu da ɗan jan ƙasa a gefenta, ya zuba ya liƙe. Yadda za su ƙarasa mako shi da Mena, wannan na gobe ne.

Gidan su Hughie yana ƙarshen hanyar tudu, yana kallon teku. Takalman robar marigayin suna nan a bakin ƙofa inda ya tuɓe su. Condy ya kau da kai ya ƙwanƙwasa.

Rose ta buɗe. Ta rame cikin kwana biyar, amma bakin yana nan.

"Tun yaushe kake ƙwanƙwasa ƙofar gidan nan? Shigo, kana shigo min da sanyi."

Ta ɗora buta, ta yanko kek ɗin da ya rage na zaman makoki, ta zaunar da shi a kujerar Hughie duk da ya nufi wata. Suka yi maganar yawan jama'ar da suka zo, da wa'azin fada a coci wanda ya yi tsawo, da Fintan wanda ya koma ranar Lahadi. Condy ya sha shayi kofi guda, ya ƙara rabi, sannan ya yi ta maza ya ajiye ambulan ɗin a kan tebur kusa da kwanon sukari.

"Rose, wannan ta Fintan ce. A aljihuna ya sa. Tun ranar ya kamata na dawo da ita."

Ta dubi ambulan ɗin, ta dube shi. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

"Ɗauke abarka," ta ce.

"Ba tawa ba ce. Ni in karɓi kuɗi a kan Hughie? Kin san abin da ya yi mana."

"Na sani. Ina nan ai." Ta ja kujera ta zauna daf da shi. "Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Yaron nan tun da ya sauka a jirgi ake ture masa hannu. Ya ce zai sayi akwatin gawa, ashe ubansa ya biya tun bara. Ya ce zai ciyar da mutane, mata sun riga sun cika gidan da tukwane. Ya je mashaya zai biya wa jama'a, mai wurin ya ce an riga shi. Ya zo ɗaukar gawa, da tsayi ake jera masu ɗauka, ba su ma san nasa ba balle su ba shi gefe, sai da na yi magana. Sannan ya je maƙabarta Manus ya wanke shi tas a gaban mutane. Ya dawo nan ya zauna inda kake zaune yana kuka kamar ɗan shekara bakwai, wai shi baƙo ne a jana'izar ubansa."

Condy ya ture kofinsa gefe.

"Da safe ya ce min, Mama, ukun sun dawo, ta Condy ba ta dawo ba. Ya ce Condy ya gani, na ga ya gani, amma ya ƙyale ni. Ya ce mutum ɗaya ne a garin nan ya bar ni na yi wa babana wani abu." Ta share ido da gefen hannu. "Da wannan ya hau jirgi. Yanzu so kake in buga masa waya in ce ta huɗun ma ta dawo?"

"Ba don shi na riƙe ba, Rose." Ya tura ambulan ɗin gabanta. "Tanki ne ya bushe. Ba wani tausayinsa da na ji. Mai na saya."

"To, sai me? Hughie zai so Mena ta kwana cikin sanyi ne? Ni ban tambaye ka dalili ba, shi ma yaron bai tambaya ba." Ta ɗauki ambulan ɗin ta cusa masa a aljihun kwat da hannunta, aljihun nan dai na ranar Alhamis, ta daddanna bakinsa. "In ka sake fito da ita a gidan nan, ni da kai ne."

Ya zo ya sauke kaya, an ƙara ɗaure masa su da igiya. Ya miƙe ya ɗauki hula, sai a bakin ƙofa wani abu ya faɗo masa.

"Wa da wa suka ji wannan maganar?"

"Babu kowa. Ni ce da shi a kicin." Ta ɗan yi tunani. "Sai Attracta, tana wanke kofuna. Ita kuwa ka san ba ta da surutu."

Ya sauko tudun a hankali, yayyafin ya zama ruwa sosai bai ma ɗaga kwalar kwat ba. Ashe ta sani. Da ta katse masa magana ta sani, da ta ɗora yatsa a kan gurbin ta sani. Yarinyar da ya taɓa saya wa alewa a bikin coci ta dube shi, tsoho mai murza hula, ta ji tausayinsa, ta shimfiɗa masa ƙarya ta ce ya taka. Ta kuma buga hatiminta a kai, ta sa aikinta a ciki saboda shi. Zagin Manus da ya yi ta gudu tun safe bai kai wannan ciwo ba. Kuma duk Talatar da Allah zai kawo sai ya tsaya a gaban gilashin nan ta tambaye shi ya Mena.

Kuɗin dai sun zama nasa, babu inda zai kai su. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Huɗu saura kwata ya hau matakalar ofishin, ruwa na ɗiga daga hularsa. Mutum biyu ne a layi. Yana tsayawa ya ji an dafa kafaɗarsa ta baya.

"Kai kuma me ka dawo yi?" Manus ne, auduga cike da kumatu, maganar tana fita da ƙyar. "Ko ka ƙyasa baƙuwar yarinyar ne? Zan gaya wa Mena."

"Mantuwa na yi."

Yana iya cewa Manus ya wuce gaba, ya jira ya tafi. Ya yi tunanin haka, har ya buɗe baki. Sai layi ya matsa, Attracta ta ɗago ta gan shi.

"Condy? Lafiya?"

"Takardata ta ɗazu nake so. Akwai gyara."

Ta dube shi, ta dubi Manus a bayansa, ta sake dubansa. Kunnuwanta suka yi ja. "Na riga na shigar da ita. Babu abin gyarawa, na duba da kaina."

"Na san kin duba. Ba ni ita, 'yata."

Ta daɗe tana tona kwandon, fiye da yadda takardu ashirin suke buƙata, ko zai canza shawara. Bai canza ba. Ta turo ta ƙasan gilashi. Ya soke gicciyen Alhamis, ya zana da'ira a gefensa, ƙatuwa, ya sa hannu kusa da gyaran kamar yadda doka ta ce.

"Huɗu ke nan," ta ce a hankali, bakinta daf da gilashi. "Ka san ba za ka samu komai ba wannan makon."

"Na sani. An biya ni."

A bayansa Manus ya daina motsi.

"Sai ka cike layin ƙasa," in ji Attracta. "Wanda aka yi wa aikin."

Condy ya gyara tsayuwa ya danna biro. Rubutunsa ba mai kyau ba ne, don haka ya yi shi da manyan baƙaƙe, ɗaya bayan ɗaya, yadda ko daga baya ana iya karantawa: Hughie McGinley. A wurin irin aiki ya rubuta haƙa kabari. Saura ɗan layin da mai ba da aiki yake sa hannu. Ya tsaya yana kallonsa.

Attracta ta zaro takardar daga ƙarƙashin yatsunsa.

"Bar wannan," ta ce. "Na san inda yake."

Ta buga hatimi. Condy ya sa hularsa ya juya. Manus yana tsaye da 'yar rawayar takardarsa a hannu, bakin nan da ba ya rufuwa ya rufu, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Layinka ne," in ji Condy, ya matsa masa gefe.